Kafin Shaho Ya Tashi

Hannun Malam Datti ya fara sagewa, amma bai sauke ɗan jirgin ba. Yana tsaye a kan kunyar gonarsa ta shinkafa a fadamar Gammo, ya ɗaga shi daidai kansa, Malam Sammy kuwa yana ja da baya sannu a hankali, rimot a hannu, ya tura doguwar eriyar ciki ta koma guntuwa, don ya gwada ko jirgin zai ji shi daga nesa.

"Baba, kar ka dube ni, jelar za ka duba," in ji Sammy. "In ta motsa sanda na motsa ta, ta tsaya cak sanda na sake ta, sai ka ɗaga min hannu. In kuwa ta yi wani abu da kanta, kar ka ɗaga."

Datti ya gyaɗa kai kawai, don muryarsa ta riga ta dishe. Tun da shinkafar ta fidda kai, ƙwayar ta cika da ruwan nono, jan-baki suka sauka a fadamar. Tsuntsayen nan ba su da imani ko kaɗan. Ka yi ihu su tashi, ka juya baya su dawo. Ya ɗaura gwangwanaye a igiya, ya kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigarsa, har a kan hular mutum-mutumin suke hutawa. In aka ƙara kwana kaɗan a haka, ƙaiƙayi zai girbe, kuma da wannan shinkafar gidansa zai ci har kaka.

Shi ya sa ya ɗauki babur ya tafi Gwarzo ya ɗauko Sammy. Iyayen Sammy mutanen Filato ne, amma a Gwarzo aka yanke masa cibiya, a nan yake gyaran rediyo da talabijin a bakin kasuwa. Da farin soson nan da ake naɗo firji a ciki ya sassaƙa jirgin, ya zana masa gashi da ido da baki sak na shaho. Datti ya taɓa ganin ya tashe shi a filin makaranta wata Lahadi da yamma, tantabarun unguwa kaf suka watse. Tun ranar abin ya zauna masa a rai.

Sammy ya yi nisa, ya zama ɗan ƙarami a kan kunya. Jelar ta karkata dama, ta karkata hagu, ta tsaya. Sai kuma ta fara karkarwa ita kaɗai, kar-kar-kar, kamar kazar da ruwa ya doka.

Datti ya gani sarai. Ya dubi yamma, inda wani baƙin gajimare ke tasowa daga itatuwan bakin rafi, ba kuwa na ruwa ba. Garken jan-baki ne. Ya ce a ransa, ɗan wannan motsin me zai hana? Ya ɗaga hannu.

Sammy ya dawo yana tafe ba gaggawa. Da ya iso, ya kama ɗan jan ƙyallen da ke ɗaure a ƙarshen jelar ya gyara masa zama.

"Baba, ka san amfanin ƙyallen nan? Daga nesa ba na ganin jela, amma ina ganinsa. Duk wanda ya taɓa riƙe min jirgin nan so yake ya tashi. Ban ga laifinka ba."

Kunya ta kama Datti har kunnuwansa suka yi zafi. Ya ce da disasshiyar murya, "Malam Sammy, don Allah ka duba can. Gonar nan ita ce komai nawa. Ka tashe shi haka nan mana."

"Ba zan tashe shi ba, Baba. Akwai abin da ke shiga tsakanina da shi. A nan ƙasa karkarwa ce, a sama kuwa daina jin maganata zai yi, ya tafi inda ya ga dama." Ya nuna farfelar da ɗan yatsa, sannan ya nuna masu korar tsuntsu da ke warwatse a gonaki, tsofaffi da yara. "Wannan in ta samu fuskar mutum, shinkafar duniya ba ta biya."

Manoman da suka taru kallo suka fara guna-guni. Wani ya ce ashe shahon ma ɗan hutu ne, sai an lallashe shi. Aka yi dariya. Sammy ma ya murmusa, ya buɗe jakarsa ya fiddo wata ƙaramar rediyo da aka ɗaure bayanta da roba. Ya murɗa ta zuwa inda babu tasha, ya kara a kunne. Ban da shuuu ɗin da aka saba, akwai wani sauti a ciki, tat-tat-tat-tat, a jere ba ya kuskure.

"Kun ji shi ko? Mai kutsen ke nan. Bari mu je mu gaishe shi."

Ya kama tafiya yana jujjuya rediyon. In ya yi gabas sautin ya ragu, sai ya dawo. Ya tsaya ƙarƙashin wayar lantarki ya saurara, ya girgiza kai. Ya sa wani mai babur ya kashe, bai canza ba. Datti na biye da shi rungume da jirgin, ransa a ɓace, amma duk da haka ya kasa daina kallonsa. Ga jama'a na yi masa ba'a, ga mai gona na huci a bayansa, ga tsuntsu ya fara sauka, shi kuwa ko gezau, kunnensa na kan aikinsa. Datti ya yi noma shekara da shekaru, ya san irin wannan natsuwar ba kowa Allah ke ba ba.

Sautin ya yi ta ƙaruwa har suka zo wata kunya mai ɗan kwari. Nan Datti ya ja birki. Can gaba injin ban-ruwa ne ke ta bugawa, kusa da shi wani mutum na gyara tiyo, laka har gwiwa. Abdulnasir ne, ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya. A kan wannan kunyar suka saɓa bayan rasuwar mahaifinsu, kowa na cewa ɗan'uwansa ya ci masa iyaka. Dagaci ya raba, amma tun daga nan ko a masallaci kowa sahunsa daban.

"Daga injin can yake fitowa," in ji Sammy.

"To je ka gaya masa."

"Ni baƙo ne a nan, Baba. Kuma buƙatar taka ce."

Datti ya juya ya dubi gonarsa. Gefenta na yamma ya yi duhu da tsuntsu, zangarniyoyi na ta sunkuyawa. Ya ɗaga ƙafa ya tsallaka.

"Salamu alaikum."

Abdulnasir ya ɗago, ya tsaya da tiyo a hannu kamar bai ji daidai ba. "Wa alaikumus salam. Yaya, ina wuni?"

"Lafiya lau. Ya iyali?"

"Lafiya ƙalau. Ya Badi'a da yara?"

"Suna nan lafiya."

Gaisuwar ta ƙare, aka rasa abin da za a ɗora mata. Datti ya yi bayani a gajarce, idonsa na kan injin. Abdulnasir ya saurara, ya share gumi da gefen hannu.

"Yaya, rafin ja da baya yake kullum. In ban ba ta ruwa yau ba, gobe tiyona ba zai kai ba. Ka ga ƙasar har ta fara tsagewa."

Gaskiya ya faɗa, Datti na ganin tsagar da idonsa. Kafin nan Sammy ya riga ya tsuguna gaban injin, ya kusantar da rediyon, ta rikice da tat-tat kamar ana soya gyaɗa.

"Ba sai an hana shi ruwa ba. Malam, ina hular filogin nan?"

"Ta fashe tun bara. Na murɗa wayar a kai, yana kuwa tashi lafiya."

"Yana tashi, amma duk wutar da ya bayar sai ta yi ihu a iska. Kunnenmu ba ya ji, tsohon rimot ɗina kuwa yana ji. Hular tana da wani ɗan abu a ciki da ke kashe ihun." Ya ɗago ya dubi Datti. "Baba, ta babur ɗinka za ta shiga. Sai dai babur ba zai tashi ba sai an mayar masa."

Datti bai tsaya tunani ba. Da kansa ya je ya ciro ta, ya dawo yana haki, ya miƙa wa ƙaninsa, ba Sammy ba. Aka kashe injin, Sammy ya fere bakin wayar ya murɗa ta cikin hular, ya danna a kan filogi. Abdulnasir ya ja igiya, injin ya kama, ruwa ya ci gaba da bulbulowa. Rediyon kuwa shuuu kawai take yi.

Datti ya zaci shi ke nan, sai ya ga Sammy ya sake miƙo masa jirgin.

"Daga farko, Baba."

Ya sake ja da baya, wannan karon har ya wuce inda ya tsaya ɗazu. Dama, hagu, cak. Ya sa Datti ya juya hancin jirgin wajen injin, aka sake. Jan ƙyallen ko motsi. Datti ya zuba wa jelar ido ya daɗe, ya fi yadda aka ce masa ma, sannan ya ɗaga hannu.

Sammy ya zaro eriyar har ƙarshe, ya sa kowa ya koma bayansa, ya cilla jirgin cikin iska. Ya ɗan yi ƙasa kamar zai sha ruwa, sai ya ɗaga kai ya hau. Da ya kai sama Sammy ya rage masa wuta, ya bar shi yana shawagi shiru, fikafikai a buɗe. Wallahi ko Datti da ya rungume shi ɗazu sai da ya ji kamar ya ɓoye 'yan tsakinsa. Inuwar ta ratsa kan shinkafa, gonar ta yi wani irin ruri, jan-baki suka tashi gaba ɗaya. Mai cewa ɗan hutu ya riƙe baki yana ta salati.

Garken ya yi kwana a sama, ya tsallake kunyar nan mai kwari, ya fara zuba a gonar Abdulnasir. Abdulnasir ya sunkuya ya ɗauki gwangwani da sanda.

"Malam Sammy," in ji Datti, da ɗan abin da ya rage masa na murya, "batirin zai kai can?"

"Zai kai, akwai wani ma a jaka."

"To ɗan karkata shi can."

Sammy ya taɓa rimot da babban yatsa, shahon ya kwanta a fiffike ɗaya ya bi su, ya raka su har bayan rafi.

Da rana ta yi sanyi ya sauko da shi a kan ciyawa, ya zauna yana goge masa laka, ya ce gobe da sassafe sai an sake, kuma sai an sake gwaji kafin a tashi. Datti ya ce ya ji, ko sau nawa ne. Ya nufi babur ɗinsa, ya ɗora ƙafa zai buga, sannan ya tuna hular filoginsa na kan injin ƙaninsa.

Injin na can yana bugawa, ruwan bai kai ko rabin gonar ba. Datti ya jingine babur, ya tako ya zauna a kan kunyar, ya tuɓe takalmansa. Can Abdulnasir ya zo ya zauna shi ma, ɗan nesa kaɗan, ya turo masa butar ruwa.