Bangon da Kawu Ya Yaɓe

Ranar da na karɓi makullin, sai da na zagaya ɗakin sau uku a guje, takalmi a hannu, ina dariya ni kaɗai. Ɗaki ɗaya ne tak, amma idan ka yi sallama daga ƙofa sai muryarka ta je ta dawo. Tsohon siton shinkafa ne a gefen tashar jiragen ruwa, wani kamfani ya gyara shi ya yanka shi gida-gida. Bangon jan bulo ne tsirara, taga kuwa ta ninka ni tsawo, tekun Jidda cike da ita.

Ni Sadiyya a unguwar Bani Malik ta nan Jidda aka haife ni, mu shida a ɗaki ɗaya. Karatun haɗa magunguna a kan matakalar bene na yi shi, littafi a cinya, maƙwabta suna tsallake ni da ledar shara. An ce irina, 'yar baƙi, ba ta wuce aikin goge-goge, na ji, na ci jarrabawata. Shekara bakwai na yi a tsaye a kantin magani kafin makullin nan ya shigo hannuna, kuma ban roƙi kowa ba.

Sharaɗi ɗaya Majid, mai kula da ginin, ya maimaita mini: ba a taɓa bango. Ba fenti, ba ƙusa. Wanda ya taɓa, an soke yarjejeniyarsa, ya kwashe kayansa, kuma har an yi wa mutum biyu haka. Na ce masa ai don bangon na zo.

Ranar Juma'a Umma ta zo gani, tare da Gwaggo Dela, ƙanwar babana. Ina ta jan su daga taga zuwa kicin, ban lura sun yi tsit ba. Umma ta shafa bulon ta duba tafin hannunta. Gwaggo ta tambaye ni a hankali yaushe magina za su dawo. Na ce an gama, haka ake yayi, ado ne. Umma ta sa albarka da muryar da take yin ta'aziyya, sannan ta nemi makulli ɗaya don ta riƙa kawo mini abinci. Na ba ta.

Ranar Litinin da la'asar, tun daga lifta na jiyo ƙamshin waina. Ina buɗe ƙofa na ga Kawu Abdulghaffar, yayan Umma, wanda ya yi shekara arba'in yana yaɓe gidajen mutane a unguwar Safa, yana kan tsani da singileti, cokalin gini a hannu. Bangon da ke kusa da taga ya zama fari fat.

"Sannu da zuwa, Dakta," in ji shi, ko juyowa bai yi ba. "Waɗanda suka yi miki aikin nan ba su ji tsoron Allah ba."

Umma ta fito da tanda a hannu tana fara'a. Ta ce tun Juma'a abin yake cin ta. Dangi za su zo ganin gida, su koma su ce duk karatun Sadiyya a kango ta ƙare. Ta san ba zan buɗe baki in nemi taimako ba, shi ya sa suka yi a ɓoye.

Dariya ce ta fara kama ni, har na riƙe ciki. Kafin ta sake ni wayata ta yi ƙara. Majid ne: mai gadi ya ga an hau da buhuna uku na jibis, farin garin yaɓe, shi Majid ɗin yana nan tafe nan da rabin awa.

Na faɗa musu sharaɗin. Kawu ya ɗauka wasa nake. Da ya ga fuskata sai ya ce na sama bai bushe ba, amma na ƙasa tun azahar ya yi shi, ya riga ya kama. Na cire abaya na jefa kan kujera.

"Kawu, kai ka ɗora, kai za ka koya mana saukewa. Yalla, mu fara."

Gwaggo, wadda ita ma da ita aka zo, ta ɗauki soson wanke-wanke, Umma ta ɗauki cokalin juya waina, ni ina jigilar ruwa a tukunya. Kawu yana kankarewa yana mita, wai tun da yake ba a taɓa sa shi ya mayar da gida mummuna ba. Farin ruwa ya malale ƙasa. Gwaggo ta zame ta zauna daɓas, ta ce nan ma bango ne, ta ci gaba da gogewa daga zaune. Umma tana dariya har da hawaye, jibis a gira, tana cewa Larabawa sun sayar wa 'yarta da talauci ta karɓa da godiya.

Da Majid ya shigo, saura wuri kamar faɗin dadduma da ya ƙi fita. Ya dubi bangon, ya dube mu, ya zaro waya zai ɗauki hoto. Na sha gabansa. Na ce masa da Larabci gidana ne, mutanena ne, laifin nawa ne, ya ba ni zuwa gobe, amma fita ba zan yi ba. Ya ce ba shi ya kafa dokar ba.

Kawu ya sauko daga tsani, ya kama hannun Majid kamar ɗansa, ya ja shi zuwa ɗaya bangon da ba a taɓa ba. Ya tura yatsa tsakanin bulo biyu, sai ga simintin yana zubowa kamar yashi. Ya ce gishirin teku ne ya cinye shi, nan da shekara biyu bulon zai fara motsi, kuma akwai yadda ake cike tsakanin ba tare da an rufe fuskar bulon ba. Majid ya tura nasa yatsan. Ya sake turawa a wani wurin. Ya tambaya ko duk ginin haka yake, Kawu ya ce tun daga ƙofar shiga ya gani, ba a tambaye shi ba ne.

Majid ya mayar da wayar aljihu, sannan ya sake zaro ta ya karɓi lambar Kawu saboda aikin gyaran.

"Halas, shi ke nan," ya ce da ni. "Gobe da safe zan dawo. Kada in ga fari."

Umma ta naɗe masa waina a takarda, ya karɓa da hannu biyu ya fita.

Kawu ya miƙo mini cokalin ginin. Ya ce shi zai je masallaci, kuma ya rushe aikinsa iya abin da zuciyarsa za ta ɗauka, ragowar nawa ne. Na durƙusa a gaban farin wurin. Awa biyu na yi ina kankara, tafin hannuna ya yi bororo, ina waƙa da ƙarfi, Gwaggo tana amsawa daga kicin.