Jiran Fito a Lau

Ni sana'ata kifi. Ina saro busasshe a ƙetaren Binuwai in kawo Jalingo in sayar a ƙofar gidana a Kachalla Sembe, saboda haka babu abin da wani zai gaya mini game da jirgin fito na Lau. Na san bencin da ƙusarsa ke yaga zani, na san gefen da ruwa ke fantsamo wa mutum, na kuma san halin Rufus mai jirgin kamar yunwar cikina. Rufus ba ya tayar da inji sai jirgi ya cika maƙil da mutane da babura da buhuna. Na taɓa ganin wani mai babbar riga yana ta kumfar baki wai yana da taro a Karim, Rufus kuwa na zaune a gindin inji yana ɓare gyaɗarsa.

Sai dai masu fito suna da wata al'ada da suka gada. Idan mutum ya zo ya ce uwarsa ko ubansa ko ɗan cikinsa na kwance rai a hannun Allah a ƙetare, ko kuma ya zo ɗauke da likkafani, to ba a jira. Ko mutum uku ne a ciki sai a tafi, kuma ba wanda ke ƙorafi. Ba a yi wa ɗan'uwa kawai, don a wannan yankin kowa ɗan'uwan kowa ne, da jirgi ya wuni yana yawo babu kaya. Ban kuma taɓa jin wanda ya yi ƙarya a kan haka ba. Mutum ba ya yin irin wannan ƙaryar sannan ya hau ruwa.

Ranar da nake ba ku labari tsakiyar damina ce. Na shiga motar Lau da sassafe, aka matso mini da wata tsohuwa siririya, fara, mai tsaga a gefen baki, rungume da ƙwarya da aka ɗaure da ɗankwali. Ta ce sunanta Hadijatu, a Yelwa ta nan Jalingo take zaune wajen 'yarta. Na ce mata ni Nasiba, na kuma ce Goggo ki gyara ƙwaryar nan kada ramukan hanyar Kona su yi miki ɓari. Ta yi murmushi ta ce fura ce da nono, za ta kai wa wani da ba shi da lafiya.

Bari in gaya muku tun yanzu abin da ni ban sani ba sai da rana ta yi. Wanin nan ɗanta ne na fari, sunansa Muntasir. Goggo Hadijatu Bafulatana ce ta asali, irin waɗanda kunyar ɗan fari ta zauna musu a ƙashi. Tun da aka yaye shi aka kai wa mahaifiyarta shi, can wani ƙauye a bakin ruwa ta ƙetare. A can ya girma, ya yi aure, ya yi furfura, yana kiranta Adda kamar yayarsa. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta taɓa ce wa kowa ɗanta ne ba. 'Yarta Bara'atu ta gaya mini daga baya cewa lokacin da aka kwantar da shi asibiti a Jalingo da ciwon hanta, Goggo kullum sai ta dama kunu ta kai, amma iyakarta bakin taga. Da asibiti ya gaza aka mayar da shi gida. Ana gobe za mu haɗu matarsa ta bugo waya ta ce jiki ya yi tsanani, kuma yana ta tambayar Adda. Bara'atu na jego, mijinta ya yi tafiya, sai tsohuwa ta ɗauki ƙwaryarta ta fito ita kaɗai.

Muka sauka Lau rana ba ta gama ɗagowa ba. Kogi ya cika ya batse, ruwan ja wur da laka, yana ɗauke da ciyayi da guntayen itace, hayin can kuwa sai ka ƙura ido kake hango shi. Jirgin Rufus ne a layi, kuma in ban da wasu mata biyu da buhun gishiri babu kowa a ciki. Ba ranar kasuwa ba ce. Na san mun shiga uku da jira.

Goggo ta shiga ta zauna, ta fito, ta sake shiga. Da na ga ta kasa zama wuri ɗaya sai na tambaye ta ko jikin mara lafiyar ya yi zafi ne. Ta ce an ce ya yi. Na kama hannunta na ja ta har gaban Rufus, na ce ga tsohuwa tana da mara lafiya a ƙetare, ya ji ta bakinta.

Rufus ya ajiye gyaɗarsa ya miƙe, don duk taurin kansa yana girmama tsofaffi. Ya tambaye ta da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji.

"Mama, wanda ba ta da lafiya ɗin, wane ne naka?"

Ta dubi ruwa. Ta ce, "Wani ne. A gidanmu aka goye shi."

"Ba yaronka ba ne?"

Sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta sunkuyar da kai. Da a ce wata tsohuwar Bafulatana na tsaye a wurin, da ta gane nan take. Amma Rufus mutumin ruwa ne, a wajensu uwa da ƙarfi take kiran ɗanta, ni kuma iyayena Kanawa ne da suka daɗe da sakin irin wannan kunyar. Muka ɗauki shirun nata a matsayin a'a. Rufus ya ce Allah ya ba shi lafiya, ta yi haƙuri, yanzun nan jirgi zai cika.

Yanzun nan ɗin Rufus kuwa kowa ya san tsawonsa. Muka zauna. Rana ta hau, zufa ta fara bin baya. Wani ya zo da babur, aka ɗora. Wani ya zo da awaki biyu, aka yi ta cacar baki a kan inda za a ɗaure su. Ni da bakina ba ya shiru na yi ta zolayar Rufus, na ce in ya mutu ma sai maƙabarta ta cika zai yarda a binne shi. Kowa ya yi dariya ban da Goggo. Ita ta kafa wa hayi ido, tana ta juya ƙwaryar a cinya don kada rana ta bugi gefe ɗaya. Na saya mata ruwan leda, ta ce useko, godiyarsu ta Fulatanci, ta riƙe a hannu har ya yi ɗumi. Sau ɗaya na ga ta miƙe ta nufi wajen Rufus, ta je daf da shi, bakinta ya motsa, sai ta tambaye shi ko ruwan ya ƙaru tun jiya, ta dawo ta zauna.

Wajen azahar aka hango wani ƙaramin kwale-kwale mai inji ya taso daga ƙetare da gudu, mutum ɗaya tal a ciki ban da matuƙi. Hira ta ɗauke a bakin ruwa, don kowa ya san ba a ƙona mai saboda mutum ɗaya haka kawai. Mutumin ya diro tun jirgi bai gama tsayawa ba, ya haye babur ya nufi cikin gari. Matuƙin ya ce injinsa ya yi zafi ba zai iya komawa ba, ya yi wa Rufus magana ƙasa-ƙasa. Rufus ya zubar da ɓawon gyaɗar da ke cinyarsa, ya fara kwance igiya.

Goggo ba ta ga fuskar mutumin ba lokacin da ya wuce. Ta gan ta da ya dawo. Yana rungume da farin yadi a cikin baƙar leda, bakin yadin ya leƙo waje. Ya sa ƙafa cikin jirgi ke nan idonsa ya faɗa kanta, sai ya tsaya cak, sannan ya durƙusa a cikin ruwan da ya taru a ƙasan jirgin. Sunansa Sadisu, ƙanen matar Muntasir ne.

Rufus ya ja inji. Jirgin da muka wuni muna roƙo ya tashi, ga shi ya tashi rabinsa babu kowa.

Sai da muka bar gaɓa Goggo ta yi magana. "Yaushe?"

"Ɗazu, Goggo. Rana ta kusa tsaka. Da safe har ya sha ruwa, ya ce a jingine shi ta inda zai riƙa ganin kogi, wai Adda na hanya."

Ta gyaɗa kai. Ta ce Allah ya jiƙansa, kamar yadda ake faɗa wa mutuwar maƙwabci. Ba ta yi kuka ba. Ta sunkuya ta ajiye ƙwaryar furar a ƙarƙashin benci, a hankali, ta tura ta ciki da ƙafa.

Na tambayi Sadisu a kunne ko wace ce ita a wurin mamacin. Ya dube ni da mamaki ya ce ai ita ta haife shi. Wallahi sai na tuna tun yaushe muke zaune a bakin ruwan nan, ga shi ƙauyen nasu daga gaɓa ko jifa bai kai ba. Da mun tashi lokacin da na kai ta gaban Rufus, da ta same shi a jingine, da ma ya sha furar. Haushi ya turnuƙe ni, na rasa wa zan ji wa, ita ko Rufus ko waɗanda suka koya mata wannan kunyar. Sai kawai na fashe da kuka, ni da ban taɓa ganin mutumin ba.

Muna zaune ne kusa da inji, Rufus ya ji komai. Ya rage wuta har jirgi ya fara bin ruwa. Idonsa ya yi ja.

"Mama, na tambaye ka fa. Kalma ɗaya kawai. Da ko kai kaɗai ne zan kai ka."

Ta ce, "Ka tambaya, yaro. Ba ka da laifi. Bakina ne bai taɓa faɗa ba."

Ya juya ya ƙara wuta. Ban taɓa ganin Rufus ya yi gudu irin na ranar ba, duk da babu sauran abin da za a cim ma. A tsakiyar kogi iska ta taso, ruwa ya riƙa marin jikin jirgi yana fantsamowa ciki. Sadisu ya yi ta ƙoƙarin kare ledar da jikinsa, amma rigarsa ta riga ta jiƙe sharkaf. Goggo ta miƙa masa hannu biyu. Ya ba ta. Ta cire yadin daga leda, ta shafa shi, ta sa a ƙirjinta ta lulluɓe da mayafi, ta duƙa a kansa ta ba ruwan baya. Haka ake kare jariri daga yayyafi. Bara'atu ta ce mini ko lokacin da Muntasir yake jinjiri, ba a taɓa ganin ta ɗauke shi a gaban mutane ba.

Muka isa hayi. Maza na tsaye a gaɓa suna jiran yadin, an riga an haƙa kabari. Na riƙe Goggo ta sauka, ƙafarta na nutsewa a laka. Sadisu ya matso ya miƙa hannu, ya ce Goggo kawo in ruga da shi, ana jira.

Ta ƙara ƙanƙame shi. Ta ce, "Bari. Ni zan kai masa."