Takardar Gidan Romanus

Takalmin Meshak ya yi wa Tagwai yawa. Afiniki ta lura da haka tun da ya shigo yana jan ƙafa. Kwana takwas kacal da binne mijinta, ƙanensa har ya shiga takalminsa na zuwa coci.

Dangi sun taru a gindin mangwaro don rabon abin da Meshak ya bari. Bai bar wasiyya ba. Duk sanda fasto ya yi masa zancen, dariya yake yi, ya ce shi ba zai kira mutuwa da hannunsa ba. Kafin rana ta yi zafi gonar citta ta ƙauye ta koma hannun Tagwai, domin 'ya'yan Afiniki uku duk mata ne, dattawa kuma sun ce mace ba ta gadon ƙasa. Keke da rediyo suka bi bayanta.

Sai Tagwai ya buɗe gwangwanin da yayansa ke ajiye takardu, ya zaro wata.

"Akwai kuma gida a bayan tashar jirgi," ya ce. "Ɗaki huɗu, rufin kwano. Sunan yayana ne a kai."

Augustina, wadda tun ranar rasuwar take zuwa taya Afiniki zaman makoki, ta ɗago kai.

Afiniki ta san takardar, a gabanta aka sa mata hannu. A 1966, da aka fara kashe mutanen Gabas, Romanus mijin Augustina, abokin aikin Meshak a reluwe, ya mayar da gidansa sunan Meshak don kada a ƙona shi, sannan suka gudu. Yaƙi ya ci Romanus. Da Augustina ta dawo Kafanchan da yara biyu duk sun rame, Meshak ya miƙa mata makulli ya ce ga gidanki. Ta yi masa maganar canza sunan, ya ce, "Haba Madam, ina raye kike jin tsoro?" Shekara huɗu ke nan.

"Oga Tagwai," in ji Augustina, "wannan gida mijina ne ya gina. Kowa a layin reluwe ya sani."

"Madam, takarda ba ya ƙarya. Yayana ya ba ki wurin kwana saboda Allah, yanzu ya zama naki? Gobe za ki ce jirgin ƙasan ma mijinki ne ya ƙera."

Wasu suka yi dariya.

Augustina ta nuna Afiniki. "Ku tambayi Maman Emilia. Tana wurin."

Tagwai ya juyo wajen Afiniki, ya sassauta murya.

"Matarmu, kafin ki yi magana, ki ji. Inda kike zaune ɗin nan na reluwe ne, ƙarshen wata za su karɓi makulli. Na yi niyyar ba ki ɗaki biyu a wancan gida, ke da yara. Idan kuma na Madam ne, to, ba ni da abin ba ki. Yauwa, faɗa wa dattawa."

Afiniki ta dubi 'ya'yanta jere a bakin ƙofa. Gidan ubanta a Gwantu ya rushe tun bara. Ta tuna Augustina ce ta riƙe ta ranar da ta haifi autarta, ita ta yi mata wanka sati biyu. Ta ji wani irin haushin Meshak, mutumin da kowa ke yabon amanarsa, wanda ya kasa zuwa ofis rana ɗaya ya gyara suna.

"Ni mace ce," ta ce, idonta a kan tabarma. "Maganar maza ce. Ban san abin da suka ƙulla ba."

"Afiniki," in ji Augustina a hankali. Ba ta taɓa kiranta da sunanta ba sai yau.

Babban dattijon ya gyara zama. "To, magana ya ƙare. Mu Kirista ne, a ba Madam wata biyu ta nemi wuri."

Tagwai ya ce, "Wata ɗaya, Baba. Zan gyara rufin kafin damina."

Tagwai ya miƙa hannu cikin tiren ƙosan da Augustina ta soyo wa baƙi da safe, ya ɗauki biyu, ya tauna, ya ce gishiri ya yi yawa. Dattijon ya ce a rufe ido a yi addu'ar godiya da aka yi rabo lafiya.

Afiniki ba ta rufe nata ba. Tana kallo Augustina ta miƙe, ta sake ɗaura zanenta, ta ratsa tsakanin kawunan da ke sunkuye, ta fice ta ƙofar baya.