Ranar Arba'in ɗin Maiwada

Indo maƙwabciya tana juya waina a tanda, Hajo tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta lulluɓe da zanen takaba, sai ga liman da kansa ya faɗo tsakar gida cikin mata, ba sallama, takalminsa ɗaya a ƙafa. Malam Zainulabidin fa, mutumin da ko gobara ake yi ba ya ɗaga ƙafa.

"Lafiya, Malam?" in ji Indo.

Zaure kawai yake nunawa da tazbaha.

Ranar ce arba'in ɗin Maiwada, mijin Hajo. Shekara uku ya yi yana fama da ciwon kai, ido yana dushewa, har ta kai sai da sanda. An yi ƙaho, an sha rubutu, an yi turare, ba abin da ya ragu. Shekara biyar ke nan da aka ba mu mulkin kai, mutanen Hunkuyi sun fara yarda da asibiti, sai aka kai shi Zariya. Can aka ce ba idon ba ne, wani ƙari ne ya fito a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ya danne jijiyar gani, kuma sai an je Ibadan an buɗe kan. Ƙanensa Tukur ya raka shi a jirgin ƙasa.

Kwana tara, sai ga Tukur shi kaɗai, da hular Maiwada da sandarsa, yana kuka kamar mace. Ba wanda ya yi mamaki. Mutum a fasa masa kai kamar kabewa, me ake jira? Aka yi zaman makoki, Hajo ta tsefe kai ta daina sa kwalli.

To yau ga abin da ya koro liman. Wani dogon mutum ne ya shigo daga zaure, a rame, kai ba hula, ga tabon ɗinki daga kunne zuwa kunne kamar an gyara ƙwarya. Ba sanda a hannunsa. Ya tsallake turmi, ya kauce wa tukunyar ƙullu.

Indo ta yi ihu ta haye katanga, ita da ke cewa gwiwa ta hana ta ruku'u. Sauran matan suka dunguma ɗakin girki suka turo ƙyaure. Hajo dai tana nan zaune inda take. Bakinta yana innalillahi, idonta yana kan ƙafarsa. Ta ga tsagar da fartanya ta yi masa a babban yatsa tun suna amarci.

"Malam," ta ce wa mijin nata, "kai ne, ko kuwa?"

"Ko kuwa wa? Ina Tukur?"

Maza suka zaro Tukur daga bayan rumbu, ya zube ƙasa.

"Yaya, wallahi na gan ka da idona! An turo ka a gado mai taya, an naɗe kanka da farin ƙyalle, an rufe ka da fari. Na kira ka sau uku. Na murɗa yatsanka, ko motsi. Wata mai farar riga ta kore ni, ba ta jin Hausa, ni ba na jin nata."

"Sai ka gudu ka bar musu gawa?"

"Na zaci ba za su ba ni ba, tunda sun yanka."

"Barci nake yi, shashasha! Maganin barci suka shaƙa mini. Na farka ina kiran sunanka kwana biyu, har suka ɗauka addu'a ce. Da ba don wani Bamakarfe mai kai shanu kudu ya taho da ni ba, da har yanzu ina can."

Liman ya matso yana leƙen tabon, hannu a baya. "Wai da gaske sun buɗe?"

"Da zarto, Malam. Sun ɗaga ƙashin goshi kamar murfin tukunya, tun hantsi har la'asar suna kankarewa. Sun nuna mini ƙarin a kwalba, ya kai ƙwan agwagwa. Idon hagu sun ce jijiyar ta riga ta mutu. Na dama ne suka tsamo."

Aka ɗauki salati. Indo ta leƙo ta kan katanga tana tofe-tofe.

Hajo ba ta ji rabin wannan ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko sandar daga inda ta rataye ta, ta miƙa masa da hannu biyu yadda ta saba, har tana neman kama tafinsa ta ɗora a kai. Bai karɓa ba. Ya karkata kai, ya zuba mata idon dama, ya daɗe yana kallo.

"Hajo, yaushe kika yi furfura?"

Ta dafe kai da sauri. Shekara uku ana gane mata ita, shi bai sani ba, kuma yau ko kitso babu. Sai a lokacin kukan ya zo mata.

Ya zauna a gefen tabarmarta yana shinshina iska. "Wainar nan tana ƙonewa. Ta mece ce?"

"Taka ce, Malam. Sadakar arba'in."

Ya dubi tandar, ya dubi wutar da ta fara ja baya.

"To sa sandar nan a murhu," in ji shi, "ki ba ni uku masu zafi."