Tayar Baya ta Hagu

…wai kuma taya ce za ta yi magana da bakinta. Ikon Allah! Makau yana tsaye a shagon Surajo mai kayan mota, nan bakin kasuwar Gummi, kwali biyu a gabanshi bisa tebur, ya kalli wannan ya kalli wancan. 'Yan mitsi-mitsin abubuwa ne, ko goro ya fi su girma. Wai a murɗa su a bakin bawul, inda ake buga wa taya iska, kowace taya da nata, su riƙa aiko labari zuwa wani ɗan allo a gaban sitiyari. Iska ta ragu, su faɗa. Taya ta ɗau zafi, su faɗa. Kai dai kana zaune abinka, ba sauka, ba zagaye…

Ba sauka. To nan ne fa maganar ta lalace.

Guda shida ake bukata, huɗu na a-kori-kura, biyu na ɗakin da yake ja a baya. Ɗaki mana! Wa zai ce ba ɗaki ba ne? Mai walda a Anka ya haɗa mishi shi bisa ƙafar wata tsohuwar tirela, da rufin kwano, da taga, da katifa, da risho, da ƙusar rataye buta. Gidan Makau, haka manoman rani ke kiranshi tun daga fadamar Gummi har Bukkuyum, in sun hango shi tafe sun san injin ban-ruwan da ya mutu zai tashi. Inda dare ya yi mishi nan ne unguwarsu. Wa ya fi shi? Ko hakimi bai tafiya da gadonshi.

Surajo na ta bayani, bakinshi ba ya gajiya. Wanga na jan kwali, in ji shi, gaskiya Baba Makau ba zan ɓoye maka ba, yana da tsiwa. Rami kaɗan sai ya yi kuka. Kuma saƙon tayoyin ɗaki ba ya isowa gaba sosai, da ya ɓace mishi sai ya kama ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Wancan kuwa na baƙin kwali yana da wani ɗan akwati da ake liƙawa tsakanin mota da ɗaki, shi ke karɓo saƙon baya ya miƙo gaba. Allonshi rana ke ba shi wuta. Ba ya buɗe baki sai da dalili.

Sai da dalili… Shi ke nan kowa sai da dalili. Shi ma Makau ai da dalili yake tsayawa.

Hure. Hure, kin ji abin da ake shirin yi mini?

Tsamiyar nan ta bakin hanyar Bukkuyum, da 'yar rumfar zana, da faifan hoce, gasasshiyar wainar dawar nan, an rufe da farin ƙyalle. Duk ranar da ya bi ta nan sai ya taka birki, ya jawo ɗan ƙarfenshi daga ƙarƙashin kujera, ya sauka yana gyaran murya. Direban kirki ai dole ya duba tayoyinshi, kowa ya sani, haka ubangidanshi ya koya mishi tun yana karen mota. Ka buga, ka saurara. Mai lafiya ta ce dum, mai ciwo ta ce ɓub. Ya faro daga gaba, ya bi ta dama, ya zagayo bayan ɗaki, a hankali, ba gaggawa — har ya iso ta baya ta hagu, wadda ke fuskantar rumfa. Nan zai tsuguna. Ya buga, ya karkata kai, ya sake bugawa, ya tsuke fuska. Ita kuma daga can, ba ta ko ɗago ido sosai: Malam Makau, ita ce dai har yanzu? Ita ce, Hure, ban yarda da ita ba. Sai ta taso da hoce biyu a takarda, da ɗan ƙuli, ta aje bisa murfin taya, su yi maganar ruwan bana da tsadar dawa…

Damina biyu ke nan yana zargin tayar nan. Baiwar Allah, ko allura ba ta taɓa huda ta ba! Duk cikin shidan babu mai lafiyarta.

To mi zai ce? Dattijo da furfura har a gira, ya tsaya haka kawai gaban rumfar matar marigayi Abdulrahman, abokinshi, mutumin da suka ci tuwo a akushi ɗaya? Ga tsofaffin garin nan jere a gindin tsamiya, ba su da aiki sai ƙirga motoci da auna wanda ya daɗe da wanda bai daɗe ba. Taya kuwa ba mai yi mata tambaya, kowa ya san halinta.

"Baba Makau, ka ga wanga bakin nashi a buɗe yake," Surajo ya ɗago na baƙin kwali, "in za ka rage iska don yashi, ba sai ka kwance shi ba."

Af, yaron ya san hanya ashe. Yashin gulbi da rani, in ba ka sassauta wa taya iska ba sai ta haƙa wa kanta kabari. A sauke, a haye, a sake bugawa da famfo a ƙetare, ƙanenshi Zayyanu na haki yana tsine wa wanda ya ƙirƙiro mota. Da na jan kwali sai an kwance shida an mayar da shida, kuma lallai ɗaya zai faɗa yashi, kuma lallai Zayyanu ne zai yar da shi, ya rantse ba shi ba ne. Ga shi can bakin ƙofa, ƙanen nashi, abokin tafiya, yana cin rake yana tofarwa, wai shi ba ruwanshi. Munafuki! Shi ne fa ya kai rahoto Gusau.

Wancan makon — kai, jikinshi har yanzu bai daina tunawa ba. Dajin nan da ke tsakanin Anka da mararraba, inda yanzu ko fitsari ya matse mutum sai ya riƙe, ba mai tsayawa. Ta dama ce ta ɗaki ta fashe. Ta dama! Wadda yake wucewa da bugu ɗaya, don tana can ɓangaren da ba kowa. Bai ji ba. Ina zai ji, inji na ruri, rediyo na waƙa, shi ma yana tayawa? Yana ta jan ɗaki bisa ƙarfe, wuta na tartsatsi a kwalta, sai da wani mai babur ya sha gabanshi yana nuna baya da hannu biyu. Suka tsaya a inda ba a tsayawa. Jak na zamewa, kowane motsin ganye sai sun waiga… Allah dai ya tsare. Risho ya kife, kwalbar man ja ta tuntsure ta wanke katifa, har yau in ya kwanta yana jin kanshi kamar ƙosai.

Da yamma sai ga wayar Hannatu. Ɗiyarshi ta fari, nas a Gusau, mai kan uwarta sak, Allah ya jiƙan Zaliha. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Kuka ta yi, irin na shiru, sai jan hanci. Baba, ko ka sa abin nan a motarka, ko wallahi in zo in ɗauke makullin. Za ta iya. Ranar da ta ce ya bar shan shayi da sukari cokali huɗu, zuwa ta yi ta kwashe gwangwanin ta tafi da shi a jaka.

To a sa. An yarda, a sa. Amma wanne?

Na jan kwali… kai, Makau, ji wata dabara! Mai kukan banza. Rami kaɗan ya yi ƙara. Kuma akwai rami dab da tsamiyar nan, babba, shi ya san shi, kullum yana kauce mishi. To in bai kauce ba fa? Ƙiii! Subhanallahi, Zayyanu, ka ji, na'ura ta yi magana, bari in duba. Ya sauka da ƙarfenshi da mutuncinshi, har da shaida daga ƙasar waje. Tsofaffin gindin tsamiya su ce oh, zamani, yanzu mota ke kiran mai ita. Hure ta taso da hoce… Dariya ta kusa kuɓuce mishi, ya mayar da ita tari. Wayo, wayo! Wa ya ce tsufa na cin basira?

Hannunshi har ya kai kan jan kwalin.

Sai dajin ya dawo. In ya yi kukan banza a can fa? Ka tsaya ko kar ka tsaya? Yau ƙarya, gobe ƙarya, jibi ka ce rabu da shi, haka yake — ranar kuwa gaskiya ce. Ko saƙon ɗaki ya ɓace a daidai lokacin da… Jan hancin Hannatu a waya. Zayyanu tsugune yana karanta duk addu'ar da ya iya, har da ta shiga kasuwa. Mutum mai 'ya'ya bakwai, ka jefa shi a wanga hali don hoce biyu? A'a. A'a, Makau, ji kunya mana.

"Ba ni baƙin."

Shi ke nan, baki ya riga ya faɗa. Surajo har da tafi. Zayyanu ya yar da ɓawon rake ya ce alhamdulillahi da ƙarfi, wai yanzu hankalinshi ya kwanta. Ana murɗawa ɗaya bayan ɗaya, ana liƙa ɗan akwatin a ƙarfen jan ɗaki, allo ya kawo haske, lambobi shida suka jeru reras. Ga ta baya ta hagu nan a kusurwa. Lafiyarta lau, ƙiri-ƙiri, kowa na gani. An wanke ta a bainar jama'a.

Hanya kuma… kai, abin da daɗi fa, kar a yi ƙarya. Ka ɗan saci kallo, ka ga duk 'ya'yanka shida suna numfashi. Rana ta yi sama, lambobi suka ɗan hau, da ma tun a shago Surajo ya ce haka ne, zafin kwalta ne, kar ka damu. Ɗaki na biye a madubi yana rangaji. Gonakin albasa kore shar, wani na ɗaga mishi hannu daga bakin rijiya, a dawo lafiya, in ji shi. Amin, injinka na nan tafe ranar da Allah ya yarda. Sai ya kira Hannatu in sun sauka, ya ce to likita, an bi umarni, a bar mini makullina. Za ta yi dariyar nan tata mai kama da ta…

Wancan ba kan tsamiyar ba ne?

Ita ce. Tun yanzu? Da can hanyar ta fi haka tsawo. Allo — shiru. Dubi dai, ko ɗaya ba ta ragu ba? Ko kaɗan? Ta gaba, lau. Ta baya, lau. Kai wanga abu, ba ka da kara ko ta sisin kwabo! Ga ramin, ya faɗa shi da gangan, gaf, har kan Zayyanu ya bugi rufi. Shiru. Surajo bai yi ƙarya ba, Allah ya shi mishi albarka, Allah ya… Wuce kawai. Ka ɗaga hannu, ka danna oda, ka wuce kamar kowane direba. Gobe ma haka. Jibi ma haka. Ta ɗago kai ta ga bayan ɗaki yana ƙanƙancewa, ta ce ashe dai tayar ce. Ashe da gaske tayar ce tun farko.

A'a. Wallahi a'a.

Ƙafa ta taka birki, ba ta yi shawara da kowa ba. Mota ta gangara gefe, ɗaki ya yi 'yar girgiza ya natsu. Inji ya mutu. Zayyanu ya kalli allo, ya kalli yayanshi, ya sake kallon allo, sannan ya juya fuska waje yana nazarin wata akuya kamar zai saye ta. Kafaɗarshi na motsi. Dariya yake, ɗan banza, ashe tun yaushe…

Ya sauka. Hannu biyu, ba komai a cikinsu, ina ake aje su? Aljihu? Baya? Tsofaffin gindin tsamiya sun bar hira, har mai tasbaha ya tsaya a tsakiyar ja. Bai bi ta gaban mota ba, bai zagaya ba, ya miƙe sak — ashe wurin kusa ne haka, ashe akwai 'yar kwata da ake tsallakewa. Hure ta aje mafici. Ta dubi hannunshi, ta dubi motar, ta dubi fuskarshi. Ta ja mayafi ta gyara, ba ta taɓa faifan hoce ba, jira take.

Salamu alaikum, wannan ya iya, ya fito lafiya. Ta amsa.

To sai kuma mi? Ya Rabbi, shekara sittin da ɗoriya… mi mutane ke cewa bayan sallama?