Ƙwaryar Geron Nababa

Shekarar da ta biyo bayan babban fari, a wani ƙauye kusa da Tsanyawa, irin da ya rage wa Nababa bai wuce ƙwarya guda ta gero ba. Matarsa Kulu ce ta cuɗe shi da toka ta liƙe a tulu, yara na kukan yunwa ta ƙi buɗewa. To kun ga, in wannan ya salwanta, babu noma ke nan, sai dai a kulle gida a nufi birni.

Ruwan farko ya sauko da ƙarfinsa. Shamuwa ta riga ta iso, gawo ya kaɗe ganye, duk alamun da iyaye suka bari sun cika. Gari ya fashe, kowa da sungumi a kafaɗa. Nababa ma ya fita, amma da ya isa gona sai ya tsuguna ya tona ƙasa da hannu. Laima ba ta wuce tsawon yatsa ba. Bara ma haka aka yi, alamu suka cika, ya zuba irinsa kaf, ruwa ya ɗauke.

Yayansa Mika'ilu, da gonarsa ke jikin tasa, ya leƙo yana dariya, wai ko gyare yake haƙa. Ya ce tun kakanni ba a taɓa jin wanda ya ga shamuwa ya tsaya shawara ba.

"Yaya, in ruwa ya ɗauke, shamuwa tashi za ta yi," in ji Nababa. "Ni da Kulu da yara ina za mu tashi?"

Sai ya ɗebi kaɗan, ya shuka wani a kan jigawa, wani a kwarin da ke gindin tsamiya, don ya ga wanne zai jure. Sauran ya mayar gida, Kulu ta sake liƙewa a tulu.

Kada ku ce abin ya zo masa da sauƙi. Gonakin mutane suka yi kore shar, tasa kamar filin ƙwallo. A bakin masallaci ana tambayarsa yau yatsa nawa. Kulu kanta ta fara cewa, Malam, kada fa a bar mu a baya. Shi dai kullum da safe ya je ya tona, ya dawo ya ce tukuna.

Ruwa kuwa ya ɗauke. Shukar gari ta ƙone, tasa ta jigawa ma ta bi su. Ta kwari ce kawai ta langwaɓe ba ta mutu ba. Nababa ya riƙe wannan a ransa.

Ran da aka yi ruwan da hannunsa ya nutse cikin laima har gwiwar hannu, bai tambayi kowa ba. Ya fasa tulu, ya fara daga kwari, ya bar jigawar ga wake in an samu irinsa. Yana cikin shuka sai ga Mika'ilu tsaye a kan iyaka, sungumi a hannu, babu iri.

"Ɗan'uwa, sannu da aiki."

Nababa bai bari ya roƙa ba, ya juye masa kashi guda a hula.

Rumbu bai cika ba, don tsuntsaye sun ci rabonsu, amma ya kai gidajen biyu har wata damina. Mika'ilu kuwa har ya tsufa cewa yake sa'a ce kawai yaron nan ya taka.