Hannun Sumana

Issoufou mai gasa kaji ya ɗaga kaza ta uku, ya shafa ƙirjinta da babban yatsa, ya mayar da ita ƙasa. Habsatu ta san abin da ya taɓa. Ƙashi ne da gashi.

Tun daga bakin Babbar Kasuwa ya tsallako gada a kan babur zuwa Kirkissoye, kamar yadda ya saba yi a zamanin mijinta Sumana. Waɗannan ne kajin nama na farko da ta yi kiwo ita kaɗai bayan ta fita takaba. Yayanta ya riga ya gaya mata cewa idan Issoufou ya daina saye, a rufe akurkin ta koma ƙauye da yara. Babu wanda ke son jin wannan magana a gidan.

Ta rantse wa Issoufou ba ta canza komai ba. Ta shanya zogale a inuwa, ta daka shi da ganyen dogon yaro da tafarnuwa, yadda marigayin yake yi. Cikin hannu uku na garin ganyen a kowane bokitin dusa da masara. Da bakinsa ya faɗa mata a asibiti, har sau biyu, don Sumana mutum ne mai nanata magana. Amma kajin sai su caki abincin su kau da kai. Ta sauya ruwa, ta sauya shimfiɗar ƙaiƙayi, har turaren tsari ta yi musu.

Issoufou ya ɗebi abincin ya ɗanɗana, ya tofar. Ɗaci kamar maɗaciya. Ya ce ta gwada masa yadda take aunawa. Ta cusa hannu cikin garin ganyen, ta ɗebo shi fal.

Ya daɗe yana kallon hannun nata.

"Habsatu, hannun Malam Sumana yatsu uku gare shi."

Ta tsaya da garin yana zuba ta gefen tafinta. Injin niƙa ne ya cinye masa biyu tun yana saurayi, kafin ma ya zo neman aurenta. Ta yi kukan abin a farkon zamansu, daga baya ido ya saba, har ta daina gani.

"Mu da muke musafaha da shi kullum, ba ma mantawa," in ji Issoufou a hankali. "Allah ya jiƙansa."

Ta tambaye shi ko zai jira zubin kaji na gaba. Ya sunkuyar da kai, ya ce garwashinsa ba ya jira, kuma ya riga ya yi magana da wani mai kaji a Tondibia. Ya ba ta haƙuri da Hausa, ya ƙara da Zabarmanci. Ba ta ga laifinsa ba, abin da ya ƙara mata ciwo ke nan.

Da ƙarar babur ɗinsa ta yi nisa, ta zauna a bakin akurkin. Kunya da baƙin ciki suka kama ta: mutumin da ta yi shekara ashirin tana miƙa wa ruwan wanke hannu, amma ta manta hannunsa.

Ta naɗe ƙaramin yatsanta da na kusa da shi, ta sake cusa hannun cikin garin. Rabi ya zube tun kafin ta ɗago. Ta kalli ɗan abin da ya rage. Ashe da wannan yake ciyar da su duka.